Ruwan da Na Ɗiga wa Fiya-fiya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa da masu sauraro. Hajiya Rabi ce daga Sabo, Ibadan.

An san ni da faɗa a kan tarbiyya, amma yau kaina na kawo ƙara. Da rani ƙudan zuma suka riƙa taruwa a wurin alwalarmu suna shan ruwa. Da suka ishe ni, na ɗiga fiya-fiya a ruwan. Kafin la'asar tsakar gida ta cika da gawarsu.

'Yata Zainab ce ta share. Ta ɗago ta ce, "Umma, ba ke kika mare ni don na kori akuyar maƙwabciyarmu Iya Basira daga bokitinmu ba? Kika ce ba a hana mai ƙishirwa ruwa."

Ga kuma mai kawo mana zuma daga Akinyele yana kukan ƙudan sun ragu.

Mata, mu ji tsoron Allah. Yanzu ina ajiye musu ruwa a faranti, da tsakuwa don kada su nutse. Sati biyu ke nan ko ɗaya bai zo ba, kuma kullum sai Zainab ta leƙa farantin, ta dube ni.

Malam, yaya zan yi su dawo?