Ranar da Yawu Ya Dawo Bakina

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwana. Na san wasunku za su yi dariya in na ce a kan yawu na tsaya ba da shaida yau. Ku yi abarku. Ni ma da dariyar zan yi, kafin in rasa shi.

Tun da maigidana ya rasu, aiki kuma ya kwashe yara zuwa wasu garuruwa, ni kaɗai ce a ɗan gidanmu na Ƙofar Kwaya. Mutum ɗaya ce ta rage mini, maƙwabciyata Hajiya Rabi. Ita Musulma, ni Kirista, amma kullum da rana kwano ɗaya muke sa hannu. Yau tuwona, gobe dambunta.

Sai bakina ya bushe. Ba ƙishirwa ba ce, don ko tulu guda na shanye, harshena yana nan kamar busasshen soso. Loma in ta shiga sai ta tsaya, ba abin da zai jiƙa ta ta wuce. Tuwon dawa da miyar kuka, abin da na fi so a duniya, na daina jin ɗanɗanonsa. Na koma tsotsar alawa ko zan sami ɗan danshi, sai haƙora suka fara ruɓewa, baki ya soma wari.

Wata rana dambu ya shaƙe ni a gaban Hajiya, na yi ta tari har na fesa a cikin kwanon. Ruwa kawai ta miƙo mini. Amma kunya ta kama ni. Daga ranar na rufe ƙofata.

Ta ci gaba da kawo abinci tana ajiyewa a bakin ƙofa, ni kuma ina mayar mata da shi yadda ya zo. Kun san garin nan, mayar wa mutum abincinsa ba a taɓa ba zagi ne. Sai ta daina.

Wayyo kaɗaici! Rana na yi sai in ji motsin kwanukanta ta bayan katanga, ni ina zaune da kofin kunu, ba mai ce mini sannu. Ko cin Jibin Ubangiji a coci na daina zuwa, don gurasar ba ta wucewa.

Wata safiya na durƙusa, leɓɓana na mannewa, da ƙyar magana ke fita. Na ce, "Ya Yesu, da yawunka ka buɗe idon makaho. Ni ɗigo ɗaya nake roƙo. Na gaji da ci ni kaɗai." Na yi kuka har na gode Allah. Da na miƙe sai na ji ƙafata ta nufi gidan Hajiya.

Ta dube ni ta ce, "Maman Dauda, mi na yi maki? Ko cewa aka yi ki bar cin abincin Musulmi?"

Maganar ta soke ni. Sai kawai na buɗe mata bakina. Ta leƙa, ta riƙe haɓa.

"Wannan kika ɓoye mani? Ɗauko mayahinki mu tahi asibiti!"

Likita ya tambayi magungunan da nake sha. Ashe sabon maganin hawan jinina ne ke busar da baki a jikin wasu. Ya ce yawu ne ke laushe abinci, shi ke fara narkar da shi tun a baki, shi kuma ke wanke haƙora. Ya canja maganin, ya hana ni alawa. Haƙoran da suka ruɓe kam sun tafi, ga giɓin nan kuna gani.

Bayan 'yan makonni ina zaune a tsakar gidanta tana jiƙa tsamiya. Ƙamshin ya buge ni, sai na ji yawuna ya tsinke, baki ya cika! Na ɗaga hannu na ce, "Halleluya!" Ita kuma ta ce, "Alhamdu lillahi," ta jawo kwano tsakaninmu.

"To sa hannu, dambun na hucewa."

Na ci, ya wuce, 'yan'uwa. Ya wuce!

Na gode wa Ubangiji da ya ji roƙon bakin da ya bushe. Wanda ke ɓoye ciwo a bayan ƙofa, ka dogara gare shi, ka kai masa ko da abin ya yi maka ƙanƙanta, sannan ka buɗe ƙofar. Ku gafarce ni, yau in an tashi ba zan tsaya dogon gaisuwa ba. Hajiya na jirana, kuma tuwona ne yau.