Abin da Na Faɗa wa Baba Kan Majemar Kawu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sunana Hauwa'u, ni ɗalibar sakandare ce a garin Lanham, a nan ƙasar waje, kuma ban taɓa rubuto muku ba.

A makaranta an ba mu aiki kan ƙasashen da gwamnati ta sakar wa 'yan kasuwa harkar tattalin arziki, kamar Biyetnam da Polan. Na fahimci jarin waje da fitar da kaya tare suke tafiya: baƙi su kafa masana'anta, 'yan ƙasa su koyi aikin, kaya su fita, arziki ya ƙaru.

Ranar Asabar muka je suna a garin Clinton. Ina kai wa maza shayi na ji Baba yana cewa wani Bature zai zuba jari a majemar Kawu Sale a Kano, amma shi Baba zai hana Kawun. “Fatarmu kawai za su kwashe!”

A gidanmu yarinya ba ta sa baki a maganar manya. Amma daga durƙuson nan na ce, “Baba, a sa masa sharaɗi mana. A ɗinka takalma da fatar a Kano, a koya wa yaranmu, sannan a fitar.”

Wani Alhaji ya yi dariya, ya dubi Baba, wanda likita ne. “Likita, ashe minista kake kiwo a gida!”

A mota Baba ya juyo gare ni. “Gobe ke za ki yi wa Kawunki bayani.”

Na yi masa bayanin ta waya. Kawu ya ce zai gwada. Masu sauraro da suka yi hulɗa da baƙin 'yan kasuwa, wane sharaɗi kuma ya kamata ya ƙara kafin ya sa hannu?

Ina gaida Malama Rabi ta Islamiyya.