Hoton Filin Alarinrin

TAIWO: Alo? Alo, wa ke magana?

IDOWU: Anti mi, ni ne, Idowu.

TAIWO: Wa? Ɗaga murya, injin markaɗen maƙwabta ya cika min kunne.

IDOWU: Idowu! Ƙaninki!

TAIWO: Au, Baban Morenike! Ina wuni?

IDOWU: Haba Anti, ni zan gaishe ki. Ga ni kwance a ƙasa, ina wuni?

TAIWO: Tashi, tashi, kada ka ɓata rigarka. Ya Ibadan?

IDOWU: Ibadan lafiya. Ya Iseyin? Ya ruwa?

TAIWO: Ruwa ya yi gyara. Ya Maman Morenike da hawan jinin?

IDOWU: Da sauƙi, tana gaishe ki. Ya ƙafar?

TAIWO: Tana nan dai, muna lallaɓawa. Ya yaran?

IDOWU: Duk lafiya. Ya masaƙa? Ana samun ciniki?

TAIWO: Mun gode Allah.

IDOWU: To madalla. Ya... ya ƙafar?

TAIWO: Ka tambaya ai. Ƙafa biyu gare ni, ciwo ɗaya. Idowu, ka je filin ko ba ka je ba?

IDOWU: Ina ciki yanzu haka. Anti, da kin ga filin wasa na Alarinrin yau da kin yi kuka. Motar rusau biyu na fake a bakin ƙofa, Litinin za su fara. Sai mutanen unguwa suka ɗaura igiya a jikin wayar shinge, suka rataye tsofaffin hotunan wurin tun daga ƙofa har wajen rijiya. Tsofaffi sun cika, kowa na neman kansa.

TAIWO: Giwar tana nan?

IDOWU: Me?

TAIWO: Giwa! Giwar siminti ta ɓangaren Indiya, wadda ake sulalowa ta hancinta.

IDOWU: Tana nan, hancin ne ya karye. Makanikai sun maida cikinta wurin ajiye taya. Agogon Landan na katako kuwa gara ta cinye. Raƙumin Makka babu kai.

TAIWO: Wayyo. Da kwabo uku sai ƙaramin jirgin ƙasan nan ya zagaya da kai duniya kaf, ka sauka kana jiri, Maami, uwarmu, ta saya maka gugguru da gyaɗa. Kai ba ka sani ba, kana goye lokacin, sai majina.

IDOWU: Akwai ma hoton ranar buɗewa, an ce har makaɗan...

TAIWO: Idowu. Ba yawon buɗe ido na aike ka ba. Wata uku ke nan da ambaliya ta jiƙa min hoton, fuskar Kehinde ta ɗaye kamar ɓawon albasa. Mu 'yan biyu, hoto ɗaya tak muka taɓa yi a duniya. Ka samu ɗan Baba Ajeigbe mai hoto ko ba ka same shi ba?

IDOWU: Na same shi. Gbolahan sunansa, shi ma duk ya yi furfura. Mutumin kirki. Akwatunan ubansa goma sha ɗaya ya kawo, kowane baƙin fim da ambulan ɗinsa, da suna da kwanan wata. Tun safe muke tonawa.

TAIWO: To?

IDOWU: Mun samu.

TAIWO: Kun samu! Allah na gode maka! Allah na gode! Na san ba za ta bar ni haka ba. Bai lalace ba?

IDOWU: Garau yake, kamar jiya aka ɗauka.

TAIWO: To me ya sa muryarka ta yi kamar ta mai kai gaisuwar mutuwa? Jirgin saman katakon da muka zauna ciki ya fito? Ni a tagar hagu, ita a ta dama?

IDOWU: Jirgin ya fito. Sai dai... Alo? Anti, kina ji na?

TAIWO: Ina ji. Kada ka laɓe a bayan layi.

IDOWU: Taga ɗaya ce a fim ɗin, Anti. Yarinya ɗaya.

TAIWO: To ba namu ba ne. Ku sake dubawa.

IDOWU: Sunan Maami ne a ambulan. Matar Katikis Oyelaran, Oke-Ado.

TAIWO: To rabi ne. Ya yanke, ɗaya rabin na cikin wani akwatin.

IDOWU: Ni ma haka na ce. Sai Gbolahan ya nuna min abin da uban ya rubuta a ƙasa da jan biro. Ya rubuta, 'yan biyu, a wanke sau biyu a takarda ɗaya.

TAIWO: A yi me?

IDOWU: A wanke sau biyu. Ya ce aikin da ubansa ya yi suna a kai ke nan. In ɗaya daga cikin tagwaye ya... in ya tafi kasuwa, wato ya bar duniya, sai uwar ta kawo wanda ya rage. A ɗauke shi shi kaɗai, a wanke a gefe guda, a juya fim ɗin a sake wankewa a ɗaya gefen. Su fito su biyu suna zaune tare. Ya ce ambulan irin wannan sun fi arba'in a akwatin.

TAIWO: Na san ana yi. Wa za ka koya wa? Na Iya Alaro ta unguwarmu haka aka yi shi, kowa ya sani. Namu ba haka ba ne. Ni ina wurin!

IDOWU: Kina wurin, Anti.

TAIWO: Anko aka yi mana, shuɗin leshi. Ta ji tsoron hawa tsanin jirgin, ni na riƙe mata hannu. Ta zubar da ƙanƙararta a cinya, Maami ta yi faɗa. Wannan ma ɗan mai hoton ne ya wanke min shi a kai?

IDOWU: Anti, yaushe Kehinde ta tafi?

TAIWO: Kada ka tambaye ni abin da ka sani.

IDOWU: Shekarar da motoci suka koma bin dama, da damina, lokacin ƙyanda. Haka Maami ke faɗa kullum. Ambulan ɗin nan an rubuta Disamba, washegarin Kirsimeti, wannan shekarar.

TAIWO: Disamba...

IDOWU: Alo? Anti mi?

TAIWO: Ya yi kuskuren shekara. Tsoho ne.

IDOWU: Lokacin bai kai arba'in ba. Kuma kin tuna tabon girarki, na faɗuwa a bakin rijiya?

TAIWO: Ita ma tana da shi. Nawa a hagu, nata a dama. Maami ta ce haka 'yan biyu suke, in ɗaya ta ji ciwo sai ya fito wa ɗayar.

IDOWU: Maami ce ta ce.

TAIWO: Rufe min baki! Kai dai tun kana ciki aka ce mai bin bayan tagwaye taurin kai gare shi. Wa ya sa ka karanta ambulan? Hoto na ce ka karɓo!

IDOWU: Ki yi haƙuri. Da na yi niyyar in sa ya wanke biyun in kawo miki, in ja bakina in yi shiru. Har na ce masa ya fara. Sai na kasa.

TAIWO: Da ka yi hakan.

IDOWU: Da na yi.

TAIWO: Shekara hamsin da 'yan kai, Idowu. Duk sati sai na dafa wake da manja na ajiye a gaban hoton nan. Ranar aurena na kai mata zane. Da na haifi Adunni ita na fara nuna wa. Kana nufin duk wannan ni nake ciyar da kaina? Ni nake yi wa kaina hira?

IDOWU: Ba haka ba ne. Kin san Baba. Katikis guda a coci, ba zai yarda a shigo masa gida da ɗan gunkin katakon da ake sassaƙa wa ɗan tagwayen da ya tafi ba. Maami kuma ba za ta bar Kehinde ba mazauni ba, kada ta ja ki ku tafi tare. Abin da ta iya ke nan. Ke ta tsare.

TAIWO: To ta faɗa min mana! Ta yi shekara tamanin, a hannuna ta cika. Kullum sai ta ce dubi 'yar'uwarki, ta fi ki murmushi. Ta fi ni murmushi, Idowu! Wa zan je in tambaya yanzu?

IDOWU: Babu, Anti. Na tambayi Gbolahan ko akwai wani na kafin nan, ko na taro, ko wanda kuka faɗo a gefe. Mun bi igiyar nan hoto bayan hoto. Yara sun fi dubu. Ba ta ciki.

TAIWO: Ka duba wajen dawakan katako? Tana son farin.

IDOWU: Na duba.

TAIWO: Wajen giwar fa?

IDOWU: Ko na gan ta, ta yaya zan gane ta? Fuskarki zan nema.

TAIWO: Ni ma yanzu na rufe ido ina nema. Hoton kawai nake gani.

IDOWU: Anti, ki saurare ni, matar nan ta kamfanin waya ta ce saura minti ɗaya katina ya ƙare. Gobe da safe mutanen jami'a za su kwashe akwatunan duka, Gbolahan ya riga ya sa hannu. Yau kaɗai zai iya wankewa. Ga shi tsaye yana jira. Ya ce in tambaye ki, ɗaya zai wanke yadda yake, ko biyu yadda uban ya yi?

TAIWO: Ni zan zaɓa?

IDOWU: Naki ne.

TAIWO: In na ce ɗaya, ni da bakina na fitar da ita daga gidan. In na ce biyu, duk safiya zan kalla in san ni ce.

IDOWU: To in ce ya yi duka, kowanne da takardarsa?

TAIWO: In ajiye su a ɗaki ɗaya, wannan na ƙaryata wancan?

IDOWU: Anti, lokaci. Me zan ce masa?

TAIWO: Ka ce masa... tsaya. Ka ce ya... Wayyo Maami, me kika yi min?

IDOWU: Ɗaya ko biyu?

TAIWO: Ban sani ba, Idowu. Wallahi ban sa...