Noti Ɗaya Bai Zauna Ba

A rumfar faci, wani direban tasi ya tsaya a kan mai facin da ke ɗaura wa motarsa taya, ni kuma ina benci ina jira.

"Malam, yi sauri mana! Jiya a tseren motoci cikin daƙiƙa biyu aka canza taya huɗu."

"Su kusan ashirin ne, kowace taya noti ɗaya. Ni kaɗai ne, taka noti biyar. Ashe ka kalla?"

"Na kalla, raina ya ɓaci. Gwanina na kan gaba, saura zagaye takwas, ya shiga canjin taya. Yana fitowa ta baya ta fice. Da ni ne mai kamfanin, a ranar zan kori wanda ya ɗaura ta."

"Ni kuwa shi zan riƙe. Kowa na jiransa, ya saki motar kafin notin ya zauna. Har ya bar aiki ba zai sake ba."

"Ka san shi ne?"

Mai faci ya ci gaba da ɗaure noti.

"Na san irinsa. Haka ƙanena ya tsaya a kaina yana cewa in yi sauri, na saki motarsa noti ɗaya bai zauna ba. Yanzu da sanda yake tafiya."

Direban ya buɗe ƙofar mota a hankali. "Allah ya ba shi lafiya. To, ai ka gama."

"Rufe ƙofar nan, maigida. Ko fasinja ɗari ke jiranka, motar nan ba ta motsawa sai na sake bin notin nan ɗaya bayan ɗaya."