Audugar Hajiya ta Maitama

Tunkiyar Inna ce ta kai ni Abuja. Kai Sani, bar dariya, ba hawanta na yi ba. Kakarku ce ta ja abarta zuwa kasuwar Batsari ta sayar, ta ƙulle kuɗin a bakin zane ta miƙo mani, ta ce: "Ta layyata ce, Lawal. Ka maido mani ita kafin Babbar Salla." Na ce ai rago zan kawo mata, mai ƙaho kamar na sa. Daga Zakka na hau mashin zuwa Safana ina ta ɗaga wa mutane hannu, sai ka ce Makka na nufa.

Wani ɗan Runka mai gadi ne ya samar mani aiki a Maitama, gidan wata Hajiya 'yar boko. Aikin wai gadina. Su ciyawa suke shukawa da gangan, su ba ta ruwa, in ta tashi su aske ta, kuma babu ko akuya a gidan. Sunan wannan hauka wai lanskefin. Na yi sati ina faɗinsa, Hajiya na gyara mani, har ta gaji ta bar ni da nawa. Ɗakin kwana kuwa da mai gadin muke rabawa, shi da rediyonsa da ba ta mutuwa.

"Rage mana, Malam Isa."

"Ɗakin ubanka ne?"

"Na naka ne?"

Shi ke nan, mu yi dariya mu ci tuwo.

Rannan Hajiya ta zagaya da ni bayan gida, ta nuna mani wasu shuke-shuke a jere cikin manyan tukwane masu fenti. Ta ce daga waje aka kawo mata irin, in kula da su kamar idona. Na duƙa na duba ganyen, na ɗago.

"Hajiya, ai wannan auduga ce."

"Eh mana, kotin. Ba ta yi kyau ba? Ta bikin Ummi ce, 'yata. Ka tabbata ta yi fari sosai."

Wallahi sai da na juya baya na danne dariya. Auduga a tukunya! Abin da kakana Malam Ɗanjuma ya sha wuya a kansa! Ku ba ku sani ba, zamanin Turawa ta hannun hakimi da dagaci ake rabon iri, kowane magidanci sai ya shuka, ko yana so ko ba ya so, don da ita ake biyan haraji. In ta yi, ka ɗauka a ka ko a jaki zuwa inda sikelinsu yake, su faɗi kuɗin da suka ga dama. Kuma akwai doka: da an gama tsinka, a tuge itacen a ƙone, kada tsutsa ta kwana a ciki ta jira baɗi. Wanda ya bar nasa tsaye, sai gaban alƙali. Kakana ya dasa wa babana wannan tsoron, babana ya dasa mani da tsumagiya. Bature ya daɗe da tafiya, amma a gidanmu dokarsa ba ta tafi ba.

Na kuwa riƙe audugar nan da zuciya ɗaya. Taki har na tumaki na je Mararaba na nemo mata. Ta yi fure, ta yi 'ya'ya, ta fashe fari tas. Ni a lissafina, tunda ta biki ce, matasan kai za a yi wa amarya. Me kuma ake yi da auduga?

Ana saura kwanaki biki Hajiya ta tafi Kano sayayya. Na ce bari in burge ta, ƙila ma kyautar da za ta yi mani ta sayi ragon Inna. Na tsinke audugar kaf, ban bar ko ƙwalli ba, na cika buhu. Na tuge itacen na tara bayan janareta na cinna wuta. Har waƙa nake yi.

Sai ga ta ta dawo da masu hoto da wata mai dekoreshan, ana cewa nan amarya za ta tsaya, farin audugar na bayanta. Suka zagayo. Tukwane wayam, toka na hayaƙi, ga ni tsaye da buhu ina washe baki.

"Lawal, ina kotin ɗina?"

"Ga ta nan, ranki ya daɗe, na tsinke maki. Ko datti babu."

"Itacen fa?"

"Ai an ƙone. Doka ce."

"Dokar wa?"

Na buɗe baki in ce ta Bature, sai na ji abin ba zai faɗu ba. Ta zauna a bakin tukunya ta dafe kai. Malam Isa ya shige ɗaki, ina jin dariyarsa har ta danne rediyo. Kafin la'asar na bar gidan. Albashin watan ta ce ya tafi a kuɗin iri. Buhun ne kaɗai ta jefo mani ta ƙofa, ta ce in ɗauke mata shi daga ido.

Dariya nake ba ku yanzu, amma a mota kuka ne ya kusa kama ni. Salla ta matso, ba rago, ba tunkiya, sai buhun da bai kai nauyin kaza ba.

Inna na tsakar gida na shigo. Ta dubi bayana ko akwai igiya a hannun wani, ba ta gani ba. Na durƙusa na kwashe labari duka na faɗa mata. Ta yi dariya har da tari. Sannan ta sa hannu cikin buhun, ta ja zaren audugar tsakanin yatsunta.

"Babana ya noma wa Bature wannan har ƙarfinsa ya ƙare," in ji ta, "bai taɓa ɗora kansa a kanta ba. Miƙo mani dutsen gurza."

Ta cire guryar da kanta, ta ɗinka matashi da tsohon zanenta. Shekarar nan Inna ba ta yi layya ba. Ranar Salla maƙwabta na fiɗa, ita tana kwance a inuwa da matashinta, ni kuwa na kasa fitowa daga ɗaki.