Ranar da aka ce wa Rifkatu ta buɗe hannu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Maman Balki daga unguwar Zariya, nan Maraɗi. Wani abu ya tsaya mini a rai, shi ya sa na rubuto.

Ƙarshen shekarar nan mun je bikin raba kyaututtuka a lakwal, wato makarantar bokon ɗiyata Balki. Ƙawarta Rifkatu ce ta zo ta ɗaya. Iyayenta Kiristoci ne ƴan garin Tsibiri, kuma ita da Balki a kwano guda suke cin abinci. Aka kira ta gaban jama'a, sannan aka ce liman ya buɗe taro da addu'a. Kowa ya ɗaga tafin hannu. Ita kuwa ta haɗe hannuwanta, ta rufe ido, yadda suke yi a gidansu.

Sai wani mushe, malamin lakwal ɗin, ya ce cikin lasifika, "Ke yarinya, buɗe hannu mana, ba ki ga addu'a ake ba?" Wasu suka yi dariya. Yarinyar ta buɗe hannu, ta shafa tare da mu. Uwarta na gefena. Wallahi na kasa kallon matar nan.

Ni Musulma ce, ba na son a daina addu'a a lakwal. Amma a hanya Balki ta tambaye ni, "Inna, addu'ar da aka sa mutum dole, Allah yana karɓa?"

Malamai masu saurare, ku ba ni amsar da zan ba ta. Ina gaida Maman Rifkatu, in har tana jina.