Sunan Wa Zai Hau Gurbin Arzika?

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wanga taro, Malam Liman, Fasto James, Sarkin Ruwa, dattawan masunta, iyayenmu mata masu bandar kifi, da duk wanda ya ɗaure kwalekwalensa ya zo, ina gaishe ku. Ni ne Maliki, ƙanen marigayi Arzika. Mun gode da ta'aziyya, mun gode da zaman makoki. Ku gafarce ni in kun ga ina kai da kawowa, tun da na dawo daga Yelwa zama ya gagare ni.

Na farko, kun san abin da ya kai Arzika kotu. Gaɓar da muke sauke kifi, inda matanmu suka gina murhun banda, ita ce wani attajiri ya ce ya saya, har ya kafa turaku. Arzika ya yi ƙara a kotun Yelwa da sunansa, don shi aka yanka wa wurin. Kotu ta hana a ja wayar shinge sai an gama shari'a.

Na biyu, ina jin ana cewa an binne ƙarar tare da mai ita. Ba haka ba ne, jama'a, ba haka ba ne. Lauyarmu Ruth ta zaunar da ni ta ce, "Baba Maliki, ƙarar fili ba ta bin mai ita kabari. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya zo da yardar sauran, mu roƙi kotu ta sa sunansa a gurbin marigayi. Amma in aka yi ta kira ba mai amsawa, alƙali zai kori ƙarar, hanin nan ma ya faɗi."

Na uku shi ne abin da ke ci mini rai. Sufyanu, babban ɗan Arzika, ya tafi kamun kifi Tafkin Chadi, wayarsa ba ta shiga. Na tara ƙannensa maza, kowa ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, wa zai shiga gaban Yaya?" Ladabi ne, kuma mu muka koya musu. Mu muka hana ƙarami sa hannu a akushi kafin babba, mu muka hana shi jefa taru kafin babba. To, amma kotu ba ta jiran Yaya, attajiri ma bai jira ba. Jiya da idona na ga an sauke waya a gindin turakun nan.

Sai Hafsatu, ɗiyar marigayi, ta same ni da hayaƙin banda a idonta. Ta ce, "Baba, ni ma magajiya ce, kuma murhuna da na Inna suna cikin turakun nan. Ba gaban Yaya zan shiga ba, wurinsa zan riƙe mishi." 'Yan'uwanta sun yarda. Amma ta ce ba ta ɗaga ƙafa sai dattawa sun sa baki a gaban jama'a, kada gobe a ce ta yi rashin kunya.

Shi ya sa na tara ku. Jirgin ruwan Yelwa na tashi bayan azahar, gobe ake kiran ƙara. Sarkin Ruwa, Malam Liman, ku muke kallo. Na ga kun gyaɗa kai, jama'a sun shaida.

Allah Ya jiƙan Arzika, Ya dawo da Sufyanu lafiya, Ya tsare mu a ruwa da tudu, Ya mai da kowa gida lafiya. Hafsatu, ɗauko mayafinki, gobe in an kira sunan babanki, ke za ki amsa.

Na gode.